Lissafin Dare a Kakuri

A bayan takardar kuɗin wuta na jera su,
da biron da ke kakarin mutuwa:
firosesa, uwar allo, ram, katin hoto,
akwatin gilashi mai fanka shida.
Shekara biyu ina gyaran waya a Titin Legas,
ina cika randa da cokali.

Katin hoton ne ya hana ni barci.
Jiya Obinna ya zaro shi daga kwali da hannu biyu
kamar jinjiri ranar suna,
ya faɗi kuɗinsa yana duban ƙasa.
Na ce, ai wannan kuɗin keke mai ƙafa uku ne.
Ya ce, ka tambayi dala, ni ɗan aike ne.
Abin da hantsi ya faɗa, la'asar ta ƙaryata.

Baba na zaune bakin ƙofa yana sauraron labaru.
Shekara ashirin da uku ya yi cikin masaƙa,
yana lallashin injin da ya fi ɗakinmu tsawo,
har ranar da aka sa kwaɗo a babbar ƙofa,
ciyawa ta karɓi aiki.
Ya miƙo hannu. Na ba shi takardar.

Me injin naka zai saƙa? ya ce.
Na ce, birane, Baba. Teku.
Ruwan sama a gilashin mota
kan titin da ba a taɓa shimfiɗawa ba,
da abokai daga Malali har bayan Bahar Maliya,
duk a fili ɗaya, ba wanda ya biya kuɗin mota.
Ya ce, to, atamfar da ba a ɗaurawa kenan.
Bai yi dariya ba. Bai kuma mayar min da takardar ba.

Yatsansa mai tabon ƙarfe ya bi layi,
ya wuce manyan kuɗaɗen ko a jikinsa,
ya tsaya a ƙasa, kan akwatin raba wuta,
inda na zaɓi mafi araha.
Nan ka yi rowa, Hashimu.
Ka sayi doki, za ka shayar da shi a kwata?
Wutar garin nan takan zo a fusace,
ranar da ta ga dama ta shigo da ƙafa.

Na ce zan sanyaya shi da ruwa, haka ake yayi.
Ya dube ni ta saman tabarau.
Ruwa da lantarki a ɗaki ɗaya,
wa zai raba su in ka tafi masallaci?
Ba shi iska. Iska ba ta yoyo.

Na soke fitilun ado masu launin bakan gizo.
Ram ɗin na raba shi biyu, rabi sai baɗi.
Katin hoton kuwa na bar shi,
kowa da inda zuciyarsa take da taurin kai.

Asabar muka shimfiɗa jarida kan tebur.
Ni ke riƙe da littafin umarni, shi ke riƙe da sukudireba.
Man sanyayawa ya ɗiga, daidai ƙwayar wake,
hannunsa ko rawa bai yi ba.
Nawa ne ya yi ta ɓari
har na yar da ƙusa biyu ƙarƙashin gado.

Na danna.
Fankoki suka tashi, allo ya buɗe ido.
Kafin in ce Alhamdu lillahi unguwa ta yi duhu,
yara suka yi ihu a layi,
inbata ta yi tari ta ɗauki kaya.

Ni ina kallon hoto.
Shi ya kara kunnensa a jikin akwatin,
ido rufe, kamar mai jiran sallama daga nesa.
Can ya ce, ta uku daga sama tana ɗan kuka.
Kashe. Miƙo min abin nan.