Hashiya ta Arba'in da Ɗaya

A Wad Madani, bayan kasuwa,
shagon Mu'utasim mai buga kundi.
Fanka ɗaya, kwamfuta uku,
ta ukun ta mutu tun bara, an ɗora mata butar shayi.

Na kwance filashi daga bakin mayafina,
na miƙa masa takardar ƙa'ida daga Dakta Ikhlas:
gefen dama santimita huɗu, saboda ɗinki,
tazarar layi ɗaya da rabi,
kan babi mai kauri, a tsakiya,
jikin rubutu goma sha shida,
hashiya goma sha biyu, kada ta ɗara.
Ya ce, "Kowa ya zo nan
ji yake tunaninsa za a fara aunawa.
Rula suke fara ɗauka, 'yar'uwa."

Kundin Larabci ne, daga dama yake tasowa.
Bakin kakata Hausa ne, da boko, daga hagu.
Inda suka yi kiciɓis a layi guda
ɗan tsinken nan mai ƙyafta ido ya rasa alƙibla,
aya ta yi tsalle ta tsuguna a farkon jimla,
baka biyu suka juya wa juna baya
kamar kawunaina ranar rabon gonar Mai Wurno.

Sai sunanta. Ɗayyaba.
Salon harafin da sashenmu ya yarda da shi
bai san ƙugiya ba.
Harafin farko ya zama akwati, fari fat, ba kowa ciki.
Mu'utasim ya goge akwatin. Na duba,
kakata ta koma ayyaba,
saura ƙiris a ɓare ta a ci.
Na yi dariya har mai shayi ta leƙo,
daga nan ban san inda dariyar ta karkata ba.

Tana 'yar shekara bakwai ta bar Kazaure a ƙafa,
an ce mata Makka na gaba kaɗan.
Shekara tara a hanya. Audugar Jazira ta cinye sauran.
Dakta ta ce maganar baka ba hujja ba ce,
a sauke ta ƙasa.
Ga ta nan ƙarƙashin ɗan gajeren layi,
an rage mata tsawo, an matse mata numfashi.
A sama kuwa wani baƙo
da ya kwana biyu a jirgin ƙasa yana leƙen taga
ya sami sakin layi nasa na kansa,
da shekara, da lambar shafi,
da kujera a manazarta.

Wuta ta ɗauke.
"Kin adana?" Ban adana ba.
Muka zauna a duhu muna shan shayi mai kanumfari,
yana ba ni labarin ɗalibin da ƙumshiyarsa
ta yi alkawarin babin da babu shi.

Da wuta ta dawo na ce, "Sa mata D ɗin kowa da kowa."
Aka buga kwafi biyar, aka ɗinke, baƙin bango, rubutun zinare.

Daren nan ina kan tabarma da baƙin biro.
Wuri sittin da uku sunanta ya fito, sau biyar.
Ina bi ina lanƙwasa wa kowane ƙugiyarsa,
'yar lanƙwasa, kamar bayanta a kunyar auduga.
Hannuna ya sage a kwafi na uku.

Shafin sadaukarwa kaɗai takardar ƙa'ida ta manta.
Can na sa aka bar ta ita ɗaya,
girma ashirin da huɗu,
fili gabas, fili yamma,
ta miƙe ƙafa.