Kifin da Ke Shayarwa

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara.
Lantana ta miƙo mini ita a kan faifai,
hannunta duk ƙullun ɗanwake.
"Yaron nan ne," in ji ta.
Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.
Ni ma sai a takarda nake iyawa: Nafi'u.

Na danna. Sai ruwa.
Shuɗi, kamar an tuntsurar da karofi gaba ɗaya,
ba gaɓa, ba bishiya, ba inda ido zai jingina.
Can a tsakiya ga kan ɗana yana lilo kamar duma,
wasu halittu masu launin toka na kewaya shi,
su yi sama, su lanƙwashe, su koma,
bakinsu kamar na wanda aka yi wa albishir.

Wai hutu ya je wani tsibiri, Zanzibar.
Wai sunansu dolfin.
"Baba, ba kifi ba ne, nono take ba ɗanta,
hancinta a tsakar ka yake."
Lantana ta leƙo ta kafaɗata:
"To, ana cin sa?"

Shekara arba'in ina haƙar rijiya,
daga Daura zuwa Sandamu, har Mai'aduwa.
Ruwan da na sani mai kunya ne,
gaba goma sha biyu yake ɓuya a ƙasa,
sai ka roƙe shi da diga
kafin ya tsattsafo ya taɓa maka diddige.
Ɗayan ruwan da na sani kuwa
kududdufin bayan unguwa ne, cikin marka,
wanda ƙanena Ɗanjuma ya shiga da hantsi
ya bar mana rigarsa a kan dutse.

Shi ya sa ranar da yaron nan, yana ɗan shekara tara,
ya shigo gida da jiƙaƙƙen wando,
tsumagiyar bedi uku na karya a bayansa.
Bai ci tuwo ba a daren.
Ni ma ban ci ba, amma bai sani ba.

Yanzu ga bayan nan dai a cikin waya,
rana na sheƙi a kansa,
wata dabba ta zo ta goge shi da gefenta a hankali
daidai inda na daka.

Na danna wurin magana zan ce, "Fito."
Sai bakina ya ce, "Wa ya koya maka?"
Har aka kira magariba shiru.
Ina alwala amsar ta shigo, da dariya a ciki:
"Kududdufin nan ne dai, Baba.
Sai na riƙa tuɓe wandon tukuna."

Ruwan buta ya ƙare ban wanke ƙafar hagu ba.
Lantana ta ce ɗanwake na hucewa.
Na ce ta ba ni wayar, in sake gani.