Agogon Tashar Funtuwa

Agogon tasha ya tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata,
ba wanda ya san ko na la'asar ne ko na asuba.

Mahaifina Barau shi ke juya layi a nan,
shekara talatin da ɗaya,
fitila a hagu, ido ɗaya ja, ɗaya kore,
tuta a hammata, goro a kunci.
Tun kafin kowa ya ji kukan jirgi
sai ya durƙusa, ya ɗora tafinsa kan ƙarfe,
ya ce, "Ya kusa, kuma yau da nauyi yake."
Inna Tabawa ta ji, ta iza wutar ƙosai.

Auduga ke gangarawa Zariya, dila kan dila,
har gashinta ya yi wa darbejiya furfura.
Gishiri da kananzir su hau zuwa Gusau,
su ƙarasa Ƙaura, inda ƙarfe ya ƙare,
jirgi ya juyo kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Akawun tikiti, Mista Okon,
Hausarsa a karye, lissafinsa a miƙe,
ya taɓa ba ni sisi don na jera masa tashoshi
ban tsallake Tsafe ba.

Yau barkono ake shanyawa a dandamali.
Akuya ta haihu a ɗakin awo.
Sikelin da ya auna gumin ƙauyuka ɗari
kaza ke kwana a kai,
allurarsa ko gezau.
Tumfafiya ta tsiro a tsakiyar layi,
ta yi fure, ta yi 'ya'ya, babu mai ce mata matsa.

An ce ana shimfiɗa sabo can arewa,
ta Daura, ta Katsina, har Maraɗi.
Allah ya sa su sami mai tafin hannu irin na Barau.

Jiya na zo da 'yata Ladiyo.
Ta dubi layin har inda ido ya gaji,
ta ce, "Baba, wa ya manta tsaninsa a kwance?"
Na buɗe baki, tashoshin suka maƙale a wuya.
Sai na durƙusa, na ɗora tafina.
Ita ma ta ɗora nata kusa da nawa,
ta ce, "Da zafi."
Na san rana ce kawai.
Na ce, "Bar hannunki tukuna."