Aljihun Tebur na Uku

Ran Asabar a Torino, tun hazo bai tashi daga kogin Dora ba,
nakan gangara kasuwar tsofaffin kaya
da gilashin ido ɗaya a aljihu.
Shekara arba'in na yi ina gyaran agogo.
Yanzu lokacin da ya riga ya tsaya nake saye.

Tamanin da uku gare ni a gida,
kwance kan karan-miski, kowace da gurbinta:
farin gicciye mai koren ƙyalle,
mai ja da fari da kambi a cibiya,
azurfar da ta yi baƙi don rashin mai shafa ta.
Sarkin da ya raba su ya bar ƙasar tun ina rarrafe.
Ƙirazan da suka ɗauke su sun koma turɓaya.
Allurar baya ce kawai ta rage,
tana neman riga.

Babu ko ɗaya da aka liƙa mini.

Makon jiya Ottavia Berruto ta zo
da gwangwanin biskit a hammata.
Ta ce, "Ta kakana ce, Ermanno.
Akawun gidan waya ne, bai taɓa riƙe bindiga ba,
hatimi ya yi ta bugawa har idonsa ya mutu."

Na juya ta a tafin hannu.
Farin ya tsage, ƙyallen ya koɗe,
ga 'yan ramuka huɗu a gefen zinariyar.
Na ce, "Ɓera?"
Ta yi dariya har da tari.
"Ni ce. Da ita na yi haƙori."

Dillali zai ce aibi ne, ya zabge rabin kuɗi.
Ni na ƙirga mata abin da ta faɗa,
daidai kuɗin ɗumama ɗaki zuwa ƙarshen sanyi.
Ba ta waiwayo ba. Gwangwanin ma ta bar shi.

Da dare na ɗaga ta saitin ƙirjina gaban madubi,
sai kunya ta kama ni.
Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Ban sa ta cikin 'yan'uwanta ba.
Tana aljihun tebur na uku,
tare da tabarau na marigayiya matata
da makullin shagon da na rufe,
inda nake ajiye abin da ba ni da farashinsa.