Adakar Baba Ishaya

Ran da muka kwashe ɗakinka a Mabera,
Rahila ta ɗauki agogo da fitila,
Yohanna ya ja keken nan marar sarƙa,
ni kuwa aka tura mini adakar ƙarfe,
wai ai ni ce 'yar boko.

Na ɗaga murfi, ƙanshin kafur ya tarye ni
da na man zafin da kake shafa wa gwiwa.
Ashe gara ta riga ni shiga.
Ta ci bangon littafin addu'o'inka,
ta shiga ta addu'ar safe ta ɓulla ta ta maraice,
sai dai ta kauce wa inda ka ja layi da jan biro.
Ko ɗacin tawada ne, ko kunya, oho.

Shi kake buɗewa tun da sauran duhu,
kana durƙushe a tabarma,
Malam Sahabi na kiran assalatu ta bayan katanga,
kai kana naka raɗan ta nan.
Ka ce, "Shi ka tashe ni, ni ko in gode ma Yesu.
Wa ya ga agogon da ba a yi mai wani?"

Ga na koyon Fillanci, duk ya sha maiƙo.
Shekara ashirin da shida kana wankin gyambo a Amanawa,
har wata tsohuwa daga ruga ta hana ka ƙafarta
don ba ta jin abin da kake faɗi.
Ka sayo shi da kuɗin cefane, Inna ta yi ta faɗa.
Ga rubutunka nan a gefe kamar sawun kaza:
ndiyam, ruwa.
Naawi, da zafi.
Munyal, haƙuri, ka rubuta shi har sau uku.
Ran da ka gwada gaishe ta, harshenka ya yi tuntuɓe,
ta yi dariya har da hawaye,
tana cikin dariyar ta miƙo ƙafa.

Sai wani siriri, ba bango, ba sunan mai shi,
na yadda ake ƙin zalunci da hannu a naɗe.
Wannan kam na tsane shi.
Shekarar da fansho ya tsaya wata goma sha ɗaya,
ku talatin da wani abu, duk furfura,
kun zauna a bakin ƙofar ofis,
ba ihu, ba allo, takardunku a cinya,
ranar Sakkwato na dukan ƙeya
irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa.
Na kawo maka ruwa a gora.
Wani ɗan sanda, gemu bai tsiro masa ba,
ya sa takalmi ya shure ta.
Ban san sa'ad da dutse ya zo hannuna ba.

Ka dube ni kawai.
Ka rarrafa ka ɗauko gorar, ka girgiza,
ka miƙa masa ɗan abin da ya saura:
"Ɗana, kai ma tun safe kake tsaye."
Bai karɓa ba. Bai kuma sake duban inda muke ba.
Kwana uku ban gaishe ka ba.
Kuɗin sun fito da damina, rabi,
Baba Danladi bai ma kai ga ganin nasa ba,
har yau ban san ko nasara ake kiran wannan ba.

Can ƙasan adaka, ƙarƙashin katin baftismana,
wani abu a ƙulle cikin hankici.
Na zaci kuɗi ne.
Dutsen ne, Baba. Yaushe ka koma ka ɗauko shi?

Yanzu da dare in an kawo wuta,
fanka kan hana shafi zama,
sai in ɗora shi a kai, in ci gaba da karatu.
Na kai darasi na tara.
Mai nonon da ke biyowa ta layinmu
ta ce bakina ya fi naka karkata.