Ruwan Ɗorawa a Gidan Babana

Na sauka Setubal a jirgin ƙasan safe,
gari na warin gishiri da gasasshen kifi.
Babana Amandio ya buɗe ƙofa da buta a hannu.
Bai tambayi gajiyar hanya ba,
ya ce, "Natercia, zo ki ga bishiya."

Lemun tsamin da Mama ta dasa a tsakar gida
shekarar da aka yaye ni,
ganyensa ya koma kamar tsohuwar wasiƙa:
jijiyoyi kore shar,
sauran fatar duk ta kwashe rawaya.

Na tsoma yatsa a gindinsa, sai caɓi.
Na ce, "Baba, sau nawa kake ba shi ruwa?"
Ya ƙirga: in ya tashi, in rana ta take,
sai kuma duk daren da barci ya ƙi zuwa.
Wata goma sha ɗaya ke nan da binne Graciete,
barci bai san ƙofar ɗakinsa ba tun lokacin.
Ashe saiwa kan nutse
ba sai ta faɗa rijiya.

Ermelinda ta leƙo ta kan katanga:
"A binne masa ƙusa mai tsatsa, guda bakwai!"
Mai sayar da iri a kasuwa ya yi murmushi,
ya ce ruwan famfonmu farar ƙasa ta yi masa yawa,
tana ɗaure ƙarfe, saiwa ba ta samu.
Ya auno mini jan gari a cokali,
ya ce a tari ruwan sama a ganga,
kuma a bar ƙasa ta ji ƙishi
kafin a sake kai mata buta. Wannan ce mai wuya.

Sai bangon kicin.
Shekara arba'in na man zaitun yana tsalle daga kasko,
da hayaƙin tabar Baba ta bayan cin abinci.
Na sauke agogo, na sauke hoton jirgin kamun kifi,
ga farare biyu fes a ƙarƙashinsu,
suna shaida yadda ɗakin yake jiya.

Na shafa farin fenti, na kwanta da alfahari.
Da safe ruwan ɗorawa ya tsatso ta ciki.
Na ƙara shafi. Ya sake ɓullowa,
kamar mai bin bashi da ya san lokacin karin kumallo.
Baltazar mai shagon fenti ya yi dariya har da tari:
"Maiƙo ba ya jin lallashi, yarinya.
Ki wanke da soda da ruwan zafi, ki bari ya bushe,
ki sa fentin toshiya, sannan farin.
Bango ba ya riƙe ƙarya."

Kwana uku ina dirza.
Ruwan bokiti ya koma kamar shayi.
Da na iso gefen murhu, Baba ya riƙe mini soso.
Daidai kafaɗa, ga wani duhu-duhu
mai faɗin tafin hannu,
inda Mama kan dafa in tana juya miya.

Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.
Na ɗauko fensir, na zagaye wurin,
buroshi ya bi ta gefe ya wuce.

Bayan mako shida ya kira ni da dare.
"Sabon toho ya fito, kore kamar idon kyanwa.
Tsofaffin ganyen dai ba su dawo ba,
zuba suke yi, ina sharewa."
Ya yi shiru. Na ji ƙarar buta a kan tebur.
"Ƙarfe biyu ya wuce, ƙasa kuma da sauran danshi.
Me zan yi da hannuna?"

Na ce, "Ajiye ta, Baba, ja kujera.
Ba ni labarin ranar da kuka sayo bishiyar."
Ya ce ai Mama ce ta yi ciniki,
shi dako kawai ya yi, har gida, a wuya.