Kalmar da Babu a Littafi

A Todmorden, inda tuddai ke tare rana,
ruwa ke tsiyaya kan rufin dutse tun Talata.
Winifred Ormerod, mai shekara arba'in da alli a hannu,
yau ɗalibinta ɗaya ne tak:
Rufus, jikan maƙwabciya, mai jarrabawa ran Jumma'a,
ya zo da jiƙaƙƙen littafi da kunnen ƙashi.

Ta ce, "Wakilin suna ɗan aike ne.
Suna ya gaji, ya zauna, ya tura shi.
Rubuta I. Ka gan shi tsaye ƙiƙam?
Shi kaɗai ke ɗaukar babban baƙi ko a tsakiyar jimla,
kamar turken shinge bisa tudu
bayan tumaki sun watse."

Yaro ya ce, "To, we fa?"
Ta gyara tabarau. "Wannan sai mutum biyu, ko fiye."
Ba ta ƙara ba.
Butar shayi ta karɓe zancen da kuka.

Suka gangara kan masu mallaka, mine da yours da ours.
Gidan nan shekara hamsin ours ne,
har lauya ya aiko takarda a watan Maris,
ya mai da shi hers da baƙar tawada.
Ita ba ta roƙa ba.
Wata kyautar, karɓarta ya fi rashinta ciwo.

"This na kusa ne, that na nesa."
Ta dafa kujerar da take kai,
ta nuna waccan ta gaban murhu,
mai lotsattsen matashi, wadda ko kyanwa ba ta hawa.
Taku uku ne tsakani.
Nahawu dai ya ce nesa, kuma bai yi ƙarya ba.

Rufus na taunar fensir. "Myself kuma me ya ci?"
"Aiki ne ya fita, ya rasa wanda zai sauka a kansa,
ya juyo gida.
Na dafa wa kaina shayi. Na yi wa kaina magana.
Rubuta na farkon kawai."

Sai ga it, na cokali da kujera da ruwan sama.
A nan alƙalaminta ya tsaya.
Da safe Alwyn he ne, yana cigiyar silifas,
yana mitar an ƙona burodi.
Kafin duhu wani saurayi mai baƙar kwat
ya ce it, ya kama baki, ya ba da haƙuri.
Ta yafe masa tun a ƙofa.
Harufan biyu ne suka ƙi fita daga gidan.

Who na tambaya. Somebody ba shi da fuska.
Nobody kuwa, shi ke taka bene da tsakar dare.

Yaro ya rufe littafi, ya ce, "An manta ɗaya.
Malam Alwyn ba ya ce miki you.
Ta katanga nake jin sa: thee."

Shiru ya ratsa ɗakin.
"Tsohuwar kalma ce," in ji ta, "ta mutu a makaranta.
You hula ce mai shiga kowane kai,
sarki da ɗan dako, mutum guda da taron kasuwa.
Thee kuwa sai wanda ka san numfashinsa.
Nan kwarin tsofaffi suka ɓoye ta,
kamar garwashi a ƙarƙashin toka."

"In rubuta?"
"Kar ka soma, za su soke ta da ja."

Ya saɓa jaka, ya ja ƙofa, ruwa bai ɗauke ba.
Daga bakin shinge ya juyo, ya ɗaga murya,
ya yi mata sai gobe
da kalmar da babu a littafi.

Ta daɗe tsaye, labule a hannu.
Shayin da ta dafa wa kanta ya huce.